Ranar da Aka Wanke Gwaggo

Duk wanda ya shigo gidanmu a kwanakin zaman makoki ya faɗi abin da ake faɗa. Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, Allah ya jiƙanta, ya ba ku haƙurin rashi. Sai ya zauna a tabarma, ya karɓi ruwa. Daga nan idonsa ya zarce zuwa ɗakin da ke jikin rumbu, wanda aka sa wa kwaɗo ta waje. Ba a jimawa zance yake barin mamaciya ya koma kan wanda ke cikin ɗakin.

Mamaciyar Gwaggo ce, yayar Babana, tsohuwar malamar firamare wadda manyan Bagudo da yawa suka bi ta ajinta. Wanda ke cikin ɗakin kuwa Yayana ne, ɗan farin Innarmu. An kulle shi ne saboda abin da ya yi ranar rasuwar. Mata na tsakiyar wanke gawa a bayan zana, ya keta zanar ya shiga, ya rungumi Gwaggo ya jawo ta tsakar gida, yana ihu a fitar da ita daga ruwa. Sai da maza suka shigo suka danne shi.

Ni aka ɗora wa zagayawa da ruwan sha a wajen mata, don haka babu abin da ya wuce kunnena. Wata tsohuwa da ta zo daga Sharabi, ƙawar kakarmu, ta ce, "Jini na. Ku tambayi dangin uwatai. Akwai kakansu guda da anka sa cikin turu har ya mutu." Inna na zaune kusa da ita. Ta ci gaba da jan carbi kamar ba da ita ake ba.

Maƙwabciyarmu mai sayar da busasshen kifi, 'yar Dendawa, ta girgiza kai. "Wane jini? Mu munka san gulbi. 'Yan ruwa sunka kama shi, sunka sako gangar jiki, sunka riƙe saura. Sai an koma an roƙe su."

"Allah ya gafarta wa Malama," in ji wata malamar makaranta da ta taɓa zama ɗalibar Gwaggo, "amma lallashi ya yi yawa. Ƙato kamar wannan a ce yana tsoron buta?"

Matar kawunmu ta Lafagu ta ce a hankali, "Abokinsa ya mutu, shi ya rayu. Abin nan ne ke cinsa." Babu wadda ta juyo ta dube ta.

Kowace ta faɗi nata da tabbaci. Da Gwaggo na raye da ta jawo kujerarta ta zauna a tsakiyarsu, don irin wannan gardamar ce abincinta. Amma duk yinin ban ji an ambaci ko hali ɗaya nata ba. Na ji tsoron kada abin da gari zai riƙe game da ita ya zama kawai cewa ita ce matar da aka ja gawarta a ƙasa. Shi ya sa nake rubuta abin da na sani.

Gwaggo ba mace ce mai daɗin zama ba. Ba ta haihu ba, kuma da mijinta ya rasu ta dawo gidan mahaifinta ta zauna kamar ba ta taɓa fita ba. Baba da ƙanensa, Baffa, duk suna rage murya idan ta yi gyaran murya. Wurin zamanta ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, da rediyo a gefe da tabarau mai hannu ɗaya da ta ɗaure da zaren lilo. Farin goro kawai take ci, tana ɓantara da ƙumba ƙanana-ƙanana. Ba ta gulma, amma tana kallon mutane yadda kaza ke kallon ƙwayar da za ta tsattsaga, kuma mutane ba sa son haka.

Wata rana na dawo daga makaranta na zauna a gefenta ban ce komai ba. Ta bar ni har na gaji da shirun, sannan na ce wata 'yar ajinmu ta tsane ni.

"Mi ta yi?"

"Ta tsane ni, Gwaggo."

"Na ji. Mi ta yi?"

Na ce na gaishe ta ba ta amsa ba, ta ɗauke jakarta ta koma wani benci.

"To, wanga shi ne abin da kinka gani. Tsana ke kinka ƙara, kamar gishiri." Ta tauna goronta. Ta ce a kwalejin horon malamai an koyar da su wani fanni, ilimin halayyar ɗan Adam, kuma shi kaɗai ne bai taɓa gundurarta ba. Ta ce farkonsa abu biyu ne: abin da mutum ke aikatawa, wanda ido ke gani, da abin da ke gudana cikin kansa, wanda babu mai gani sai dai a yi hasashe. "Duk fitinar duniya a wurin hasashen nan take," in ji ta. Daga baya na ji cewa ranar mahaifin yarinyar yana kwance asibiti. Na faɗa wa Gwaggo. Ba ta yi murna ba. Ta ce, "Wannan ma hasashe ne. Wataƙila dai ta tsane ki."

Tana da awaki, kuma da su take koyarwa tun da ta bar aji. A wani tsohon kwanon sha take zuba musu dusa. Wani lokaci sai ta buga kwanon babu komai a ciki, awakin su sheƙo da gudu suna ture juna. "Kin gani? Ba dusa sunka ji ba, ƙara sunka ji. Akwai malaman da sunka ce mu ma haka muke. Abin da anka haɗa muna da daɗi mu bi shi, abin da anka haɗa muna da wuya mu guje shi. Sabo ne kawai."

Na tambaye ta ko gaskiya ne.

"Rabi. Akuya ba ta kwana tana tunanin mi za a ce da ita a kasuwa."

Haka take yi da kowane ra'ayi. Ta shimfiɗa shi kamar mai sayar da atamfa har ya ba ka sha'awa, sannan ta nuna maka inda ya ɓule. Akwai tagwaye mata a danginmu da uwarsu ta rasu suna jarirai. Ɗaya ta tashi a nan, ɗaya wata inna ta ɗauke ta ta ƙetara da ita ƙasar Benin. Sun haɗu a wani suna suna manya. Ta nan Hausa take yi, tana durƙusawa har ƙasa wurin gaisuwa. Ta ƙetare Dendanci da Faransanci take yi, tana kallon manya ido cikin ido. Amma idan aka ba su dariya, duk su biyun bayan hannun hagu suke kaiwa baki. Gwaggo ta yini tana bin su daga ɗaki zuwa ɗaki har ta ƙetaren ta tambaya ko tsohuwar nan lafiya take. Da muka dawo gida ta ce, "Jini ya ba su dariya ɗaya, gari ya ba su kunya daban-daban. Wanda ya ce miki ɗaya daga ciki ne kaɗai ke yin mutum, bai je suna ba."

A lokacin nan duk wannan wasa ne. Ya daina zama wasa shekarar da jirgi ya kife da Yaya.

Yaya kabu-kabu yake yi, yana ɗaukar mutane da kaya tsakanin Bagudo da garuruwan bakin iyaka. Baffa ne ya saya masa mashin, kuma ranar kayan Baffa yake ɗauke da su. Ya sa mashin a kwale-kwale zai ƙetare gulbi, shi da abokinsa da matan kasuwa. Ruwa ya cika, jirgin ya yi nauyi. Masunta suka tsamo Yaya da ransa. Abokin sai gawarsa aka samu.

Jikinsa babu ko ƙwarzane. Amma daga ranar ba ya iya jin ƙarar zubar ruwa. Idan Inna ta tsiyaya ruwa a randa sai ya toshe kunne ya shige ɗaki. Ya daina wanka. Sallah sai da taimama, kuma liman ya ce babu laifi ga mai lalura. Ruwan sha sai ya rufe ido yake haɗiya. Idan hadari ya haɗu zufa ce ke karyo masa tun kafin a fara yayyafi.

A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane, ba ta tsaya masa a gaban maza. Kunya ce, haka muka tarar. Inna takan dafa masa abin da yake so ta ba ni in kai, ta tsaya a bayan ƙyaure tana sauraren ko ya ci. Iyakar abin da aka yarda ta yi ke nan. Don haka tun yana yaro Gwaggo ce uwarsa ta fili, kuma da abin ya same shi ita ta kwashe kayansa ta mai da shi ɗakin da ke jikin nata.

Ita da kanta ta kai shi asibiti a Birnin Kebbi. Suka dawo da ƙwayoyi, ta riƙa ba shi a kan lokaci. Ta ce tsoro yana da gida a cikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kamar yadda zazzaɓi ke da gida a jini, kuma wanda ya raina magani wawa ne. Ƙwayoyin suka sa yana barci. Ba su sa ya taɓa buta ba.

Sai ta fara nata aikin. Ta ajiye busasshiyar buta, babu ko ɗigo, a bakin ƙofarsa, ta hana kowa magana a kai. Da ya saba wucewa ta gefenta sai ta zuba ruwa kaɗan ta toshe bakin. Daga nan tsumma mai laima, ta miƙa masa ya goge hannu. Wani lokaci ya karɓa, wani lokaci ya yi jifa da shi, ta koma baya ta sake farowa. Sharaɗinta ɗaya ne: babu mai zuba masa ruwa, shi zai zuba da hannunsa, shi zai tsayar. Ta ce ranar gulbi ruwa ne ya yi iko da shi, sai ya koyi cewa akwai ruwan da shi ke iko da shi. Damina ta wuce, rani ya wuce. Sai ga shi yana wanke hannu da fuska da 'yar ƙaramar buta, yana zuba a hankali yadda ba za ta yi ƙara ba.

Ta kuma ba shi awakinta. Ba ta ce don ya samu abin yi ba. Ta ce ta tsufa, ta kasa. Takan tambaye shi ko a sayar da bunsurun ko a bari, ta yi abin da ya ce ko da ba ta yarda ba. A kwano ɗaya suke cin tuwo, alhali yara ma sun daina zama kusa da shi saboda warin jiki. Na taɓa jin ta ce wa Baba, "In kowa ya dube shi ya ga ciwo, shi ma ciwo zai gani. A bar mashi wuri guda inda shike mutum."

Da wata hantsi ina tsince shinkafa a bayan ɗakinta na ji shi yana magana, maganar da ta fi kowace tsawo tun bayan gulbi. Ya ce a cikin ruwa abokinsa ya riƙe masa ƙafa, shi kuma ya shure shi. Ya ce shi ya kashe shi.

Gwaggo ba ta ce a'a ba. Ta ce, "Ka ga fuskarshi?"

Ya ce ruwa ya yi duhu, bai ga komai ba.

"To yaya anka yi ka san shi ne?"

Ta ce ta je ta zauna da matan da suka tsira, kowace ta ba ta labari daban. Wata ta ce abokin yana gaban jirgi, wata ta rantse yana baya, wata ta ce tun kafin jirgin ya kife ya yi tsalle. Duk babu mai ƙarya a cikinsu. Ta ce tunawa ba hoto ba ce, ɗinki ce, kullum zuciya tana ƙara ƙyalle. "Ko ma shi ne, ƙafa ta shura. Jiki shina da nashi tsoro, ba shi neman izini. Abin da kake faɗa ma kanka safe da yamma, shi ne ke nutsar da kai yanzu, ba gulbi ba."

Ya yi kuka. Ita ba ta yi ba. Ta ɓantari goro ta jira ya gama.

Rigimarta da Baffa a kan Yaya ce. Baffa ɗan kasuwa ne, rabin rayuwarsa a ƙetare yake yi, kuma ya ji labarin wani mai magani a wani ƙauye bayan iyaka da ke karɓo mutane daga hannun 'yan ruwa. Yakan sa musu mari a ƙafa don kada su gudu, kowace safiya almajiran aikinsa su kai su gulbi su danna kansu a ruwa, har abin ya sake su. Baffa ya zo da zancen ana cike da tsakar gida.

Ya dubi Gwaggo ya ce, "Shekara ta kewayo, yaro na wanke hannu kamar mage. Kin mai da ɗanmu akuyar gwaji."

"Kai kuma kana son mai da shi akuyar ɗauri."

"Mutane sun warke a hannun wanga bawan Allah. Na gani da idona."

"Ka ga sun yi shiru. Kowa anka danna a ruwa shiru zai yi."

"Ke komi kin sani! Littafin Turawa ya san gulbinmu?"

Da ta tsaya nan da ya isa. Amma Gwaggo ba ta iya barin gardama da sauran numfashi. Ta cire tabarau ta ce, "Kai da kake jiƙa tabarma har ka yi wayo, wa ya sa maka mari? Ni na wanke, na rufa maka asiri. Kuma kayan wa yaro ke ɗauke da su ranar? Kana son shi warke da sauri don kai ka samu barci."

A gaban 'ya'yansa ta faɗa. Na ga kunnuwan Baffa sun motsa. Ya sa takalmi a hagunce ya fita, bai sake zama ƙarƙashin darbejiya ba.

Da yamma ta ce mini, ba tare da na tambaya ba, "Shi ma bai fito daga gulbin nan ba." Na ce to me ya sa ba ta lallashe shi kamar Yaya ba. Ta dubi awaki. "Ƙanena ne," ta ce.

Wannan shi ne aibinta, kuma ba zan ɓoye shi don ta mutu ba. Tana cin kowace gardama, tana rasa mai gardamar. Maƙwabciyarmu ta taɓa kawo wa Yaya laya daga wurin masunta da kyakkyawar niyya, Gwaggo ta rataya wa bunsuru. Ba ta koya wa Inna yadda ake miƙa tsumman nan ba, ba ta zaunar da Baba ta bayyana masa dalilin buta ba. Ita da take cewa ba a fahimtar mutum sai an duba gidan da yake ciki, ta riƙe Yaya ita kaɗai, kamar ba za ta mutu ta bar gidan ba.

Zazzaɓi ne ya kwantar da ita, bai daɗe ba. Ta rasu da hantsi. Baba ne ya shiga ya faɗa wa Yaya, kuma ya karɓi labarin fiye da yadda aka zata. Ya yi salati, ya zauna a bakin gado. Da aka ce maza su shirya sallar jana'iza, na gan shi ya ɗauki 'yar butarsa ya tsuguna a bakin ƙofa. Zai yi alwala da ruwa don ya sallace ta.

Tsofaffin da ke wankan gawa suka kafa zana a bayan ɗakinta, inda aka saba, kusa da inda mutum ya cika. Bango ɗaya ne tsakaninsu da shi. Babu wadda ta yi tunanin wannan, don babu wadda aka taɓa faɗa wa. Suka haƙa ɗan rami, suka kawo manyan ƙwarya da ganyen magarya. Suna fara kwarara ruwa, motar 'yan Lafagu ta iso, mata suka shigo zaure da kuka.

Ruwa mai yawa yana zuba, mata suna kururuwa. Ina bakin madafa, ina kallonsa. Butar ta suɓuce daga hannunsa. Idonsa a buɗe yake amma ba gidanmu yake gani ba. Ya miƙe ya ce, "Gwaggo ba ta iya ruwa ba." Sai ya ruga.

An suturta ta, an sake wankan, an kai ta. Shi bai je ba. Yana ɗaki da kwaɗo.

Ranar sadakar uku, bayan an watse, maza suka zauna a zaure. Da na kai musu fura na ji Baffa yana cewa, "Kunyar da munka sha ta isa. Gobe wa zai kama? Ba ƙinshi nike ba, Allah ya sani. Ɗana ne." Babu wanda ya musa masa. Wadda za ta musa tana maƙabarta, ɗayar kuma, Inna, tana madafa, al'ada ta rufe mata baki.

Da Baba ya shigo cikin gida na bi shi har bakin ɗakinsa. Ban taɓa fara yi masa magana ba sai ya tambaye ni. Na durƙusa na faɗa masa abin da na gani: cewa Yaya ya ɗauki buta da kansa, cewa ƙarar ruwa da kukan mata ne suka haɗu kamar ranar jirgi, cewa ba cutar da ita ya je yi ba. Na ce idan aka koma kan buta a hankali zai dawo inda ya kai.

Baba ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce, "Na yarda da ke, ɗiyata. To wa zai yi? Ni ina fadama, shinkafa ba ta jira. Ke kina makaranta. Uwarki ko sunanshi ba ta faɗi. Ita ta san hanyar, ta tafi da ita." Ya shafa fuska. "Kuma in ya sake, mutanen gari ba za su tambaye mu ba, su za su ɗaure shi."

Da safe aka kawo mashina biyu, za a kai Yaya wurin mai maganin nan na bayan iyaka. Aka buɗe kwaɗo ya fito da kansa, bai yi gardama ba. Baffa bai yarda a sa igiya ba. Ya kwance rawaninsa ya ɗaure masa hannuwa da shi, yana ɗaurewa yana share ido da kafaɗa. Aka sa shi tsakanin mai tuƙi da Baffa. Inna ba ta fito ba. Tana bayan gida tana daka, amma ƙarar taɓaryar ta turmin da babu komai a ciki ce. Yaya ya neme ni da ido ya ce, "Jar akuyar nan ta kusa haihuwa. A raba ta da bunsuru."

Sai bayan an gama yankan shinkafa aka dawo da shi. Ya rame, an aske masa kai. A idon sawunsa duka biyu fata ta yi fari ta zagaye. Babu komai a ƙafarsa, amma gajeren taku yake yi, kamar har yanzu akwai ƙarfe tsakaninsu.

Baffa ya tara mutane a ƙofar gida. Aka kawo babban bokiti. Yaya ya tsuguna ya yi alwala cikakkiya, sannan ya ɗebi ruwa da moɗa ya kwarara a kansa. Aka yi kabbara. Maƙwabciyarmu ta yi guɗa daga cikin zaure. Ni ina leƙe ta jikin ƙyaure. Tun da ya sa hannu a bokitin bai ja numfashi ba sai da ya miƙe, kuma yatsun ƙafarsa sun tona rami a cikin yashi.

Da la'asar Inna ta ba ni tuwo in kai masa. Yana zaune a ƙasa cikin ɗakinsa, ya jingina da bangon ɗakin Gwaggo. Na ajiye kwano da kofin ruwa. Ya dubi kofin, ya dubi ƙofa.

"Akwai kowa waje?"

Na ce babu.

Ya sa bayan hannu ya tura kofin har ƙarƙashin gado, ya juya masa baya. "Kowace safiya," ya ce. "Suna riƙe wuya. In ka yi kuka gobe a ƙara. In ka yi shiru ka yi da kanka, sai su ce an sake ka." Ya ɗago ya dube ni sosai, karo na farko tun dawowarsa. "Ƙanwata, ke kina gani, na sani. Don Allah kada su mai da ni."

Na fito da kwanon da bai ci rabi ba. Baffa na zaune da Baba a ƙarƙashin darbejiya, wurin da ya daɗe bai zauna ba. Fuskarsa a sake, ya yi ƙuruciya. Ya kira ni.

"Zo nan, 'yar gidan Malama. Ke anka ce ba abin da ke wuce miki. Yaya kinka ga yayanki?"

Baba ma ya juyo yana jira. Inna ta tsaya da tankaɗe a bakin madafa.

Na durƙusa na ce, "Ya warke, Baffa."

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kaifin harshenta, ya saka mata da haƙurin da ta yi a bakin ƙofar nan, ya yalwata mata makwanci. Yayana kuma, Allah ya ba shi ƙarfin ɗaukar wannan lafiyar.